Daga kaset zuwa waya: ina muryar Ɗan Anace ta maƙale?

1/ Jiya a majalisa gardama ta kaure: waƙar da ake saurara kai tsaye ta intanet mai babban inganci da ta faifan CD, wacce ta fi tsabtar sauti a manyan sifiku? Na ce a nemo mana Ɗan Anace na Gandi. Aka kunna, sai shuuu kamar ruwa bisa kwano. Ku biyo ni 🧵

2/ A 1963 kamfanin Philips ya fito da kaset. Shi ya kai waƙa ƙauye. Mai rikoda da batir, ko a Wurno ko Rabah ko Goronyo, yana iya jin waƙar Shago sau goma a dare guda, ba sai ya jira Rediyon Kaduna ko Rima sun saka ba.

3/ Amma kaset na da aibi. Kowane kwafi yana rage sauti, yana ƙara ƙugi. Mai shago ya kwafa daga kwafi, na kasuwar Achida ya kwafa daga nashi. Ga zafin rana, ga ƙura, ga zare da rikoda ke taunewa, a sa biro a naɗe.

4/ A 1982 Sony da Philips suka kawo CD. Yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, da bit 16. Wannan ya isa ya kama duk abin da kunnen ɗan Adam ke ji, kuma kwafinsa ba ya raguwa.

5/ Sai dai mu ba mu daɗe da CD ba, memori ya ture shi. Minti ɗaya na CD kusan MB 10 ne, na MP3 kusan MB 1. Mai tura waƙa a kasuwa ya zaɓi ƙarami, don memori ya ɗauki ɗaruruwa. Wa zai ga laifinsa?

6/ Yanzu ga mai babban inganci: bit 24, awo har sau 192,000 a daƙiƙa. Apple Music ta fara bayar da shi a 2021. A takarda ya fi CD nesa. A kunne kuwa bambancin ƙanƙane ne, kuma in ta Bluetooth kake ji, an riga an matse shi. Data kawai ka ƙona.

7/ Ga inda gizo ke saƙa: ruwa ba ya fin rijiyarsa. In asalin fayil ɗin tsohon kwafin kaset ne, da aka mayar MP3, aka tura a WhatsApp, to ko sifikar miliyan ka saya, ƙugin zai fito maka ne tsaf.

8/ Narambaɗa, Jankiɗi, Ɗanƙwairo da ya yi wa Sardauna ɗan Rabah waƙa, duk sun rasu. Ba za su sake shiga situdiyo ba. Mafi kyawun muryarsu na iya kasancewa cikin wata adaka a ɗakin kakarka, zaren na ruɓewa.

9/ In ka samu irin wannan kaset, kar ka kara waya a bakin rikoda. Ka nemi mai kwamfuta ya ɗauka da igiya, ya adana a WAV ko FLAC. Ka ɗauki hoton kwalin, ka tambayi tsoffin gida: wa aka yi wa waƙar, yaushe, a ina?

10/ Wa ke da tsohon kaset a gida? Na wane makaɗi ne? Ku faɗa a ƙasa 👇