Daga Tubali Zuwa Sanholo: Tarihin Fuskar Gini a Ƙasar Daura

Tun ranar da kakanninmu suka fara aza ƙasa bisa ƙasa suna tayar da bango a wannan yanki na arewacin ƙasar Hausa, inda rana take mulki mafi yawan watannin shekara, akwai mas'ala guda wadda ba ta gushe tana gaban magina ba, ita ce yadda za a yi bango ya tare zafin rana, ya tare idon mai wucewa, alhali kuwa bai tare iskar da mutanen gida suke shaƙa ba. Kowane zamani ya ba da tasa amsa gwargwadon abin da Allah ya hore masa na kayan aiki da basira. Amsar da ake yayi yau a manyan biranen duniya, wato lulluɓe fuskar gini da fallayen sanholo, ko alminiyum, waɗanda aka huhhuda su da inji, ba ta rasa nasaba da amsoshin da suka gabace ta ba. Kuma tun da wannan yayi yana tafe zuwa ƙasar Daura kamar yadda kwano da siminti suka zo gabaninsa, ya kyautu mu san tarihin bangonmu kafin mu sa masa sabuwar riga.

Sandamu, wadda take kudu da birnin Daura tafiya kaɗan, tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 5 da suka haɗu suka yi masarautar, tare da Daura da Baure da Mai'aduwa da Zango. Ƙasa ce ta jigawa, ta gero da wake da gyaɗa, kuma a garuruwanta irin su Fago da Karkarku da Kwasarawa, gidan manomi na dauri bai dogara ga bango mai kauri ba. Dangar kara ce ko zana take kewaye shi, ɗakin kuma a yi masa jinkar ciyawa, a rataya asabari a bakin ƙofa. Wanda ya taɓa zama cikin ɗaki bayan asabari da rana tsaka ya san sirrinsa: na ciki yana ganin duk wanda ya gitta a tsakar gida, na waje ba ya ganin kome sai duhu, iska tana ratsa tsakanin sili da sili, haske kuma yana shigowa a tace, ba ya kashe ido. Talakan da ya saƙa wannan labule bai karanta ilmin handasa ba, amma ya riski asalin ƙa'idar da injiniyoyi suke lissafawa yau, cewa ƙananan ƙofofi masu yawa sun fi babbar ƙofa guda maslaha a ƙasar zafi.

Amma gidan sarauta da na attajiri da na babban malami, waɗannan na ƙasa ne, kuma hikimarsu ta bi wata hanya dabam. Da kaka ta wuce, ruwa ya ɗauke, sai a haƙo ƙasa daga kududdufi, a kwaɓa ta da busasshiyar ciyawa, a tattake ta da ƙafa, a bar ta kwanaki ta ruɓe, sa'an nan a mulmula tubali da hannu, gindinsa da faɗi kansa da tsini, a shanya shi a rana. Magini yana zaune bisa bangon da yake ginawa, ƙafa guda ciki ƙafa guda waje, yaronsa yana jefo masa tubali daga ƙasa yana cafewa, yana dasa shi cikin ɗanyar ƙasa tsininsa yana duban sama. Gindin bango yakan kai kamu guda ko fiye, yana sirancewa yayin da yake hawa. Fa'idar wannan kauri ita ce zafin rana yakan ɗauki sa'o'i masu yawa kafin ya ratsa shi, ta yadda soro yakan yi sanyi da azahar, ya kuma yi ɗumi a daren hunturu. Saboda haka magini bai bukaci babbar taga ba, sai 'yar ƙarama can kusa da rufi, inda iska mai zafi take taruwa tana neman mafita.

Ƙanƙantar tagar nan kuwa ba don yanayi kaɗai ba ce, shari'a ma tana da hannu a ciki. Duk almajirin da ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya ji, a babin hukunce-hukunce, cewa ba ya halatta mutum ya cutar da maƙwabcinsa ta hanyar buɗe tagar da za ta tona masa asirin gida. Malaman Malikiyya sun faɗaɗa wannan babi ƙwarai, har wani magini mutumin Tunis, Ibn al-Rami, ya wallafa littafi sukutum a ƙarni na 14 a kan hukunce-hukuncen gini. Daga wannan tarbiyya ne tsarin gidan Bahaushe ya samu siffarsa: zaure a gaba inda baƙo yake tsayawa ya yi sallama, sa'an nan ƙofar gida, sa'an nan shigifa wadda ƙofofinta ba sa duban juna, kana cikin gida inda hurumin iyali yake. Bangon da yake fuskantar hanya ya zama rufaffe, kuma da yake rufaffe ne, sai ya zama allo ga mai zayyana.

A nan gwanintar magina ta bayyana. Suna rufe soro da azara, wadda ake tsagowa daga giginya domin gara ba ta cinta, kuma da yake azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kamar ƙafa 6, sai suka ƙago baka, suna ɗaura azara bisa azara suna tanƙwaro ta daga bango zuwa bango har su haɗu a tsakiya, irin rufin da ake kira daurin guga. Mashahurin wannan fanni shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, tsakanin 1834 da 1846, kuma wanda ya shiga zaurukan fadar Daura zai ga wannan fasaha ta baka da idonsa. A waje kuma sai a yi wa bango rawani, a tsayar da zankwaye a kusurwoyi, a saka indararo don ruwan damina, a shafe fuskar da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin awaki daga majema da dafara. Tun yaɓen yana ɗanye mai zayyana zai bi shi da yatsa da ɗan ƙarfe, yana fitar da dagi da sauran zane-zane, waɗanda inuwarsu take sauyawa tun daga hantsi har la'asar.

Sauyin wannan al'ada ya zo daidai da sauyin zamani a siyasa. Bayan jihadi ya iso Daura a 1805, Malam Isiyaku ya karɓi garin, sarkin garin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita, zuriyarsa ta zauna a Zango da Baure kusan shekara 100, har Turawa suka mayar da sarautar gidan a hannun Sarki Musa a farkon ƙarni na 20. Ɗansa Sarki Abdurrahman ya hau gado a 1911, shekarar da layin dogo ya iso Kano, ya kuma yi mulki har 1966. A cikin wannan dogon zamani nasa ne jirgin ƙasa ya yi ta kwasar gyaɗa zuwa Ikko yana dawowa da kwanon rufi da siminti da ƙusa. Ba adalci ba ne a zargi mutanen da suka karɓi kwano, gama soro yana bukatar yaɓe kowace shekara kafin ruwa ya sauka, kuma wanda ya taɓa kwana yana tarar yoyo da ƙwarya ya san abin da ya guje wa. Sai dai kowace ni'ima da hisabinta. Bulon siminti siriri ne, zafi yana ratsa shi nan da nan, kwano kuma yana ɗaukar rana ya zubo ta bisa kan mazauna ɗaki, har ya zama a watan Afrilu, sa'ad da ma'aunin zafi yake haye digiri 40, mai sabon gida yakan gudu daga ɗakinsa ya koma gindin darbejiya. Da aka ga haka sai aka faɗaɗa taga, da taga ta faɗaɗa sai rana da ƙura da ido suka shigo, sai aka rufe ta da gilashi da labule mai kauri, daga nan aka koma jiran wutar lantarki domin fanka.

Masu tunani daga cikin magina na sabon zamani sun lura da wannan illa tun da wuri. A shekarun 1950 Maxwell Fry da Jane Drew, Turawan Ingila da suka tsara gine-ginen Kwalejin Jami'a ta Ibadan, sun rufe fuskar ɗakin karatunta da siminti mai ƙofofi, kuma wannan salo ya yaɗu har ya zama bulo mai ƙofofi da muke gani a barandar makarantu da asibitoci da masallatai na Arewa. Alhazanmu kuma da suka bi ta Jidda sun ga tsofaffin gidajenta masu tagogin katako saƙaƙƙu da ake kira rawashin, 'yan'uwan mashrabiyya ta Alƙahira, waɗanda aikinsu bai bambanta da na asabari ba sai ta wajen tsada da ƙawa.

Shi kuwa sanholo, baƙo ne a tarihin ma'adinai, domin ba a sami hanyar fitar da shi da araha ba sai a 1886, lokacin da Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a nasa wuri, suka gano yadda ake raba shi da wutar lantarki. Nauyinsa kamar sulusin na baƙin ƙarfe ne, ba ya tsatsa irin tasa, yana kuma narkewa a digiri 660, shi ya sa maƙeran kasuwanninmu suke tara gwangwanaye da tsofaffin kayan mota su narke su da gawayi, su zuba cikin ƙasa mai danshi da suka danna a akwatin katako, su fitar da tukwane da ludaya. Ƙasar Gini a nan Afirka ta Yamma tana cikin mafiya arzikin dutsen da ake samunsa a ciki. Da wannan ƙarfe ne Jean Nouvel ya mayar da mashrabiyya sabuwa a Cibiyar Duniyar Larabawa da aka buɗe a Paris a 1987, inda fuskar kudu take ɗauke da murabba'ai 240 masu ƙofofin da aka tsara su buɗe su tsuke gwargwadon hasken rana. Da shi ne kuma David Adjaye, ɗan asalin Gana, ya lulluɓe gidan tarihin baƙaƙen Amurka da aka buɗe a Washington a 2016 da fallaye 3,600 masu zane.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Ana kafa fallen nesa kaɗan da ainihin bango, a bar fili tsakaninsu; rana ta bugi fallen maimakon bango ko gilashi, iskar da ta yi zafi a tsakani ta hau sama ta fice, mai sanyi ta maye gurbinta. Amma sanholo ƙarfe ne mai saurin ɗaukar zafi, saboda haka wanda ya manna shi jikin bango ba tazara, don ado kawai, ya sayi wahala da kuɗinsa. Haka nan girman huji da yawansa dole su bi fuskar da bangon yake duba, gama bangon yamma da rana take duka daga azahar zuwa magariba ba ɗaya yake da na arewa ba. Kuma ƙasar da hunturu yake zubo wa ƙura daga hamada tana bukatar hujin da za a iya wankewa. Da dare kuma, in an kunna fitila a ciki, al'amarin yakan juye, na waje ya ga na ciki, wanda yake abin lura ne ga mai kiyaye suturar iyalinsa.

Ƙasar Daura tana cikin zamanin manyan gine-gine: an aza harsashin Jami'ar Sufuri a watan Disamba na 2019, layin dogo na Kano zuwa Maraɗi kuma, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ta nan ya biyo. 'Ya'yan Sandamu da suke koyon walda da aikin tagar alminiyum yau, su ne za a ba kwangilar fuskar gine-ginen gobe, kuma abin da nake yi musu fata shi ne su duba ƙetaren iyaka, cikin Jamhuriyar Nijar, inda magini Falke Barmu ya gina masallacin Yama da ƙasa har ya sami lambar Aga Khan a 1986, inda kuma Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka gina sabon masallacin Dandaji da tubalin ƙasa matsattse, suka mayar da tsohon masallacin ya zama ɗakin karatu, suna aiki kafaɗa da kafaɗa da maginan gargajiya. Waɗannan sun tabbatar da cewa sabon ilmi ba ya wajabta zubar da tsoho.

Wajibi ne a kan hukumomi da makarantun fasaha na masarautar su nemi sauran tsofaffin maginan da suka san haɗin laso da ɗaurin baka, su rubuta abin da ke ƙirjinsu tun suna raye, su zaunar da su tare da matasan da suka iya inji, domin bango mai kauri na ƙasarmu ya tsaya a ciki yana riƙe sanyi, fallen sanholo ya tsaya a waje yana tare rana, zanen da ke jikinsa kuma ya fito daga hannun masu zayyanarmu. Allah ya ba shugabanni ikon yin haka, ya sa albarka a hannun masu sana'a.