Siffofin Kwamfuta na Dainoso Masu Cin Nama a Ma'aunin Burbushin Halittu: Nazari a Kan Spinosaurus da Suchomimus

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake ƙera siffofin dainoso masu cin nama a kwamfuta, da irin dogaron da ya kamata a yi da su wajen sanin kamannin waɗannan dabbobi da yadda suke cin abinci. An bi hanyar kwatanta sakamakon binciken da masana suka wallafa, aka raba hujjojin zuwa matakai huɗu: ƙashi, tsoka, fata, da ɗabi'a. An ɗauki Spinosaurus na Arewacin Afirka da Suchomimus na Jamhuriyar Nijar a matsayin misali. Nazarin ya gano cewa hujja tana raguwa ne daga ƙashi zuwa waje, alhali kyan siffa a idon mai kallo ya fi rataya a kan abin da ke waje. Saboda haka siffar kwamfuta hasashe ce da ake gwadawa, kuma abin da ke tabbatar da ita ko ya rushe ta shi ne alamun cin abinci da suka rage a cikin duwatsu.

Muhimman kalmomi: dainoso, burbushin halittu, siffar kwamfuta, Gadoufaoua, ƙarfin cizo

1.0 Gabatarwa

Tun daga fitowar fim ɗin Jurassic Park a 1993, sannan shirin Walking with Dinosaurs na BBC a 1999, yawancin mutane sun san dainoso ne ta hanyar abin da kwamfuta ta zana. Dabbar tana numfashi, fatarta tana motsi, ƙura tana tashi a ƙarƙashin ƙafarta, har mai kallo ya ɗauka abin da ya gani shi ke nan. Amma babu ɗan Adam da ya taɓa ganin ɗaya daga cikinsu da rai, domin waɗanda ba tsuntsaye ba sun ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce.

Batun ya shafi Jamhuriyar Nijar kai tsaye. Gadoufaoua, a hamadar Tenere ta yankin Agadas, yana cikin wuraren da suka fi arzikin ƙasusuwan dainoso a Afirka. A nan Philippe Taquet ya yi aiki tun shekarun 1960, har ya raɗa wa Ouranosaurus nigeriensis suna a 1976. A nan ne kuma ayarin Paul Sereno ya tono Suchomimus tenerensis a 1997. Tambayar da maƙalar ke son amsawa ita ce: a cikin siffar da ake nuna mana, wane ɓangare ne ƙasa ta bayar, wane ne kuma mai zane ya cike?

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

A 1995 Lawrence Witmer ya tsara wata ƙa'ida da har yau ake aiki da ita. Tsuntsaye da kadoji su ne dangin dainoso mafi kusa da suka rage. Idan wata gaɓa mai laushi tana jikin dukansu biyu, kuma ta bar tabo iri ɗaya a ƙashi, to ana iya jingina ta ga dainoso da ƙwarin gwiwa. Idan ɗaya ne kaɗai ke da ita, hujjar ta yi rauni.

A 2001 Emily Rayfield da abokan aikinta suka shigo da dabarar injiniyoyi cikin fagen. Sun ɗauki hoton cikin ƙwaryar kan Allosaurus da na'urar CT, suka rarraba siffar zuwa ƙananan gutsattsari a kwamfuta, suka ɗora mata nauyi don ganin inda take jin matsi. Sakamakon ya nuna ƙwarya mai ƙwari ƙwarai tare da cizo marar ƙarfi sosai. A 2002 kuma John Hutchinson da Mariano Garcia suka lissafa tsokar da Tyrannosaurus rex zai buƙata kafin ya yi gudu mai tsanani, suka ga ta zarce abin da jikinsa zai iya ɗauka. Waɗannan ayyuka sun fitar da siffar kwamfuta daga matsayin ado, suka mai da ita kayan gwaji.

3.0 Hanyar Bincike

An tattara bayanai daga binciken da aka wallafa a mujallun kimiyya, aka jera su bisa matakai huɗun da aka ambata. A kowane mataki an yi tambaya biyu: shin akwai shaida kai tsaye a burbushi? Idan babu, da wace dabba mai rai aka kwatanta, kuma me zai canza idan aka canza dabbar?

4.0 Matakan Hujja

4.1 Ƙashi da tsoka

Ƙashi shi ne tushe, amma da wuya a same shi cikakke. Kwarangwal irin na "Sue", Tyrannosaurus mai tsawon kimanin mita 12 da aka samu a Dakota ta Kudu a 1990, ba kasafai ake dacewa da shi ba. Galibi akan tarar da ƙashi a murƙushe ko a karkace saboda nauyin ƙasa, sai an miƙe shi a kwamfuta, a cike giɓi da ƙashin wani ɗan'uwansa. Duk da haka, gaɓoɓi suna kafa iyaka. Misali, ƙasusuwan hannun waɗannan dabbobi ba sa barin tafin ya kife ƙasa. Tafukan biyu suna fuskantar juna ne, saɓanin yadda tsofaffin finafinai suka nuna.

Tsoka takan bar tabo a inda ta manne, amma tabon ba ya faɗin kaurinta. Kwarangwal ɗin raƙumi bai nuna tozo ba, domin tozo kitse ne da babu ƙashi a cikinsa. Wanda bai taɓa ganin raƙumi ba zai zana shi da shafaffen baya. Wannan gargaɗi ne ga masu lulluɓe kwarangwal da fata kawai, har ramukan ƙwaryar kai su fito fili kamar dabbar ta rame.

4.2 Fata, gashi da leɓɓa

A 1996 aka bayyana Sinosauropteryx daga lardin Liaoning na ƙasar Sin, da alamun gashi kewaye da jikinsa. A 2010 aka gano ƙwayoyin launi a cikin gashin, waɗanda suka nuna wutsiya mai zobba ja-ja da fari. A 2007 aka ga ƙananan ƙulle-ƙulle a ƙashin hannun Velociraptor, irin waɗanda manyan gashin fiffike ke kamawa a jikin tsuntsu. Ke nan dabbar da fim ɗin Jurassic Park ya nuna da santsin fata tana da gashi, kuma tsawonta bai wuce kimanin mita 2 ba. A manyan dabbobin kuwa hujjar ta rabu biyu: Yutyrannus na Sin, mai kimanin mita 9, yana da gashi, amma guntayen tabon fatar Tyrannosaurus da aka bayyana a 2017 sun nuna ƙananan ɓawo.

Batun leɓɓa ya fi kowanne nuna tasirin dabbar da aka zaɓa don kwatance. A 2017 Thomas Carr da abokansa suka duba fuskar Daspletosaurus, suka ce ta yi kama da ta kada, haƙora a waje. A 2023 Thomas Cullen da ayarinsa suka yanka haƙorin irin wannan dabba, suka tarar ɓawonsa bai zaizaye ta gefen waje ba. Haƙorin kada, da yake kullum yana waje, yakan zaizaye ta wannan gefen. Sun kuma lura ramukan jijiyoyi a gefen muƙamuƙi sun jeru a layi kamar na dangin damo da guza, waɗanda leɓɓa ke rufe musu haƙora. Idan wannan ya tabbata, fuskar da duniya ta saba gani mai haƙora zako-zako ko da baki a rufe tana buƙatar gyara.

4.3 Cin abinci

Lissafin kwamfuta kan ƙarfin cizon Tyrannosaurus ya bambanta. Karl Bates da Peter Falkingham sun samu niyuton 35,000 zuwa 57,000 a 2012. Paul Gignac da Gregory Erickson sun samu kimanin 34,500 a 2017. Bambancin ya samo asali ne daga yawan tsokar da kowa ya ɗora. Abin da ya ba lissafin gindin zama shi ne shaidar da ba ta bi ta kwamfuta ba. An samu ƙashin ƙugun Triceratops mai ɗauke da tabon haƙora kusan 80. A 1998 Karen Chin ta bayyana wani kashi da ya zama dutse, da ake zaton na Tyrannosaurus ne, daga Saskatchewan ta Kanada, mai tsawon santimita 44, cike da farfasassun ƙasusuwa. A 2013 aka bayyana haƙorin Tyrannosaurus maƙale a ƙashin wutsiyar wani dainoso mai cin ciyawa, ƙashin ya warke ya kewaye haƙorin. Ma'ana an ciji dabbar tana da rai, ta kuma tsere. Wannan guntun ƙashi ya yi wa muhawarar da ake yi kan Tyrannosaurus ta "mafarauci ne ko mai cin mushe" abin da lissafi bai yi ba.

5.0 Misalin Spinosaurus da Suchomimus

Ernst Stromer ne ya bayyana Spinosaurus a 1915 daga ƙasusuwan da aka tono a Bahariya ta Masar. Ƙasusuwan sun halaka a 1944 sa'ad da aka yi wa birnin Munich ruwan bama-bamai, sai hotuna da zane-zane suka rage. Da ƙaramin jari fim ɗin Jurassic Park III na 2001 ya nuna shi yana kashe Tyrannosaurus, alhali nahiyoyinsu daban, kuma tsakaninsu akwai kusan shekara miliyan 30.

A 2014 Nizar Ibrahim da abokan aikinsa suka haɗa sabon kwarangwal a kwamfuta daga ƙasusuwan Kem Kem na Maroko, da hotunan Stromer, da guntayen wasu dabbobin da aka daidaita girmansu. Siffar ta fito da gajerun ƙafafun baya da nauyi ya rinjaya gaba, aka ce dabbar ruwa ce. A 2018 Donald Henderson ya saka irin wannan siffa a ruwa cikin kwamfuta, ya ga tana kifewa gefe, ba ta kuma nutsewa. A 2020 aka bayyana wutsiyarsa, mai faɗi kamar filafili, gwaji ya nuna tana tura ruwa kimanin ninki takwas fiye da wutsiyar danginsa na tudu. A 2022 Matteo Fabbri da ayarinsa suka auna taurin ƙashi, suka ce Spinosaurus da Baryonyx na Ingila suna nutso, Suchomimus kuwa mai farauta ne a bakin ruwa. A cikin shekarar dai Sereno da abokansa suka sake gina siffar, suka saka huhu da jakunkunan iska, suka ce jikin ya yi sauƙin da ba zai nutse ba, kuma da ƙafa biyu yake tafiya.

Dabba ɗaya, ƙasusuwa kusan iri ɗaya, amma sakamako mabambanta. Saɓanin ya taso ne daga yadda aka daidaita girman guntaye, da yawan naman da aka ɗora, da girman iskar da aka sa a ƙirji. Kwamfuta ba ta yi kuskure ba. Abin da aka ba ta ne ta lissafa.

A ɓangaren abinci kuwa an fi samun daidaito, domin shaidu daga hanyoyi daban-daban sun haɗu. Suchomimus, mai tsawon kimanin mita 11, yana da doguwar fuska siririya, haƙora masu tsini, da babbar ƙumba a babban yatsa. A cikin haƙarƙarin ɗan'uwansa Baryonyx, wanda aka samu a Surrey a 1983, an tarar da ɓawon kifi da ruwan ciki ya ci, tare da ƙasusuwan ƙaramin dainoso mai cin ciyawa. A Barazil an samu haƙorin wani ɗan zuriyar Spinosaurus da Suchomimus a ƙashin wuyan dabba mai fiffike. A 2018 Auguste Hassler da abokansa suka auna aisotof na kalsiyam a haƙoran da aka samo daga Gadoufaoua da Kem Kem. Sakamakon ya nuna wannan zuriya ta fi dogara da kifi, sauran manyan masu cin nama sun fi karkata ga dabbobin tudu, wani ƙaton kada mai suna Sarcosuchus kuwa yana ci daga ruwa da tudu. Haka manyan mafarauta da dama suka iya zama a bakin kogi ɗaya, inda yau babu komai sai rairayi.

6.0 Sakamakon Bincike

Na farko, amincin siffa yana raguwa daga ƙashi zuwa tsoka, zuwa fata, zuwa ɗabi'a. Launi da kuka su ne mafi ƙarancin hujja, su ne kuma suka fi kama zuciyar mai kallo.

Na biyu, inda siffofi suka yi karo da juna, tushen saɓanin yana cikin zato da aka shigar tun farko. Wannan ya sa bayyana zaton ya zama wajibi a kan mai bincike.

Na uku, abin da aka fi sani da tabbaci game da cin abincin waɗannan dabbobi ya fito ne daga tabon haƙori, da abin cikin tumbi, da kashi, da sinadarin haƙora. Siffar kwamfuta takan yi ƙarfi ne idan ta dace da waɗannan.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kyan siffa daban, ingancinta daban. Ana ba da shawarar duk siffar da za a nuna wa jama'a, a makaranta ko a gidan tarihi, ta zo da bayanin ƙasusuwan da aka samu da waɗanda aka cike, ko da ta hanyar bambanta launi ne. Ana kuma ba da shawarar a ajiye kwafin hotunan CT na ƙasusuwan Nijar a cibiyoyin ƙasar, irin su Gidan Tarihi na Boubou Hama da Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, domin ɗaliban yankin su iya gina nasu siffofin, su canza zato, su ga abin da zai biyo baya. Muhawarar Spinosaurus ba ta ƙare ba, kuma abin da zai raba gardamar sabbin ƙasusuwa ne, waɗanda akwai kyakkyawan zaton samunsu a duwatsun Sahara. Ya dace a ce 'ya'yan yankin suna cikin masu tono su da masu auna su.