Rawar Iyali wajen Tallafa wa Mace Mai Cutar Endometiriyosis

Yanayin cutar

Endometiriyosis cuta ce da wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa yake tsirowa a wajen mahaifar: a kan ma'ajiyar ƙwai, da bututun da ƙwai ke bi, da tantanin mara, wani lokaci har kan hanji ko mafitsara. Duk wata sinadaran jikin da ke kawo haila sukan motsa naman nan, ya kumbura ya yi jini, ga shi jinin ba shi da mafita. Daga nan sai tabo ya biyo baya, kayan ciki su riƙa mannewa da juna. A 1927 likitan mata ɗan Amurka John Sampson ya danganta cutar da komawar jinin haila baya ta bututun ƙwai, sai dai bayaninsa bai gamsar gaba ɗaya ba, tunda hakan na faruwa ga mata da yawa waɗanda ba su kamu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na damun kusan kashi 10 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa, wato wajen mata miliyan 190.

An daɗe ana zaton ba ta cika kama matan Afirka ba. Wani bincike daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan da aka wallafa a 2015 ya ƙaryata wannan zato, domin cikin mata 239 da aka yi wa tiyatar leƙen ciki saboda matsalolin mata, kusan rabi an same su da ita.

Jinkirin ganowa

Binciken Nnoaham da abokan aikinsa na 2011, wanda ya ƙunshi mata 1,418 daga ƙasashe 10, ya gano cewa akan ɗauki matsakaicin shekara 6.7 daga fara ciwo zuwa gano cutar. Wani ɓangare na jinkirin daga asibiti yake, wani kuma daga cikin gida. Yarinya za ta durƙushe kan tabarma riƙe da mara, tana gumi tana amai, ta rasa makaranta kwana biyu ko uku duk wata. A jiƙa mata kanwa, a ce ta daure, haka mata suke, in ta yi aure zai wuce. Kunya kuma ta hana ta yi wa mahaifinta bayani, alhali kuɗin asibiti da izinin fita suna hannunsa. Aure ba ya warkar da wannan cuta, ciki ma lafawa kawai yake sa ta yi na ɗan lokaci. Saboda haka babban taimakon da uwa ko yaya za ta fara yi shi ne ta gaskata mai ciwon, ta san cewa ciwon marar da ke kwantar da mutum ya wuce na al'ada, sannan ta zama bakinta a gaban maigida.

Matsayin miji

Alamomi biyu ne suka fi girgiza aure. Ta farko zafi mai tsanani lokacin saduwa, wanda miji kan fassara da ƙiyayya ko gudun shimfiɗa. Ta biyu jinkirin haihuwa, domin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na masu cutar na shan wahala kafin su sami ciki. Inda ake yi wa mace gorin haihuwa, a kira ta juya, dangin miji su fara zancen kishiya ko a ce sammu ne, ciwon zuciya yakan taru da na mara. Mijin da ya tsaya ya shaida wa danginsa cewa cuta ce mai suna da magani ya sauke wa matarsa nauyin da likita ba zai iya saukewa ba.

Shi ma mijin yana ɗauke da nasa kayan. Binciken ENDOPART na Jami'ar De Montfort da ke Ingila, wanda aka zanta da ma'aurata 22, ya nuna mazan na fama da damuwa da takaicin rasa yadda za su yi, ga shi ba kasafai ma'aikatan lafiya ke sa su cikin bayani ba.

Taimako a aikace

Rubuta ranakun ciwo da tsananinsa a ɗan littafi na sauƙaƙa wa likita aiki, musamman tunda ƙa'idojin Ƙungiyar Turai ta Nazarin Haihuwa na 2022 sun amince a fara magani bisa alamomi da hoton ciki, ba sai an jira tiyata ba. Gorar ruwan ɗumi a mara, da ɗauke mata girki, daka da ɗebo ruwa a kwanakin haila, suna rage wahala ƙwarai.

Rakiya zuwa asibiti na da wani amfani na daban. Cikin magungunan da ake bayarwa akwai ƙwayoyin tazarar haihuwa, saboda suna kwantar da naman da ya tsiro, kuma mijin da bai ji dalili daga bakin likita ba yana iya zargin ana hana shi zuri'a, ya sa a daina sha. Idan ma'auratan na neman ciki a lokacin, faɗa wa likita tun farko yakan sauya tsarin jinyar. Har yanzu babu maganin da ke kawar da cutar kwata-kwata, kuma ciwon kan dawo wa wasu bayan tiyata, don haka iyali na buƙatar tanadin kuɗin magani da na komawa asibiti na tsawon shekaru.