Hukuncin masu sarrafa miyagun ƙwayoyi da yawa

Gundumomin Dungas da Magaria suna kan iyakar Nijar da Najeriya, a cikin jihar Damagaram. Mutanen yankin suna cin kasuwannin ƙasashen biyu, kamar kasuwar dabbobi ta Maigatari a jihar Jigawa. Saboda haka ya kamata su san abin da dokokin ƙasashen biyu suka ce game da miyagun ƙwayoyi, domin dokar ƙasar da aka kama mutum a cikinta ita ce za ta yi aiki a kansa.

Mene ne sarrafa miyagun ƙwayoyi?

Sarrafawa ita ce haɗa ƙwaya daga sinadarai, ko tace ta daga tsiro, ba tare da izinin hukuma ba. Noman tabar wiwi shi ma laifi ne. Doka tana bambanta mai sha, da mai sayarwa, da mai sarrafawa. Mai sarrafawa yana cikin waɗanda ake yi wa hukunci mafi tsanani, domin daga ɗaki guda ƙwaya tana iya isa ga dubban matasa.

Dokar Nijar

Nijar ta kafa dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi mai lamba 99-42 a ranar 23 ga Satumba, 1999. Dokar ta haramta noma su, da sarrafa su, da safararsu, da shansu, kuma ta tanadi ɗauri a gidan kaso tare da tara. Hukumar OCRTIS ce ke bin sawun manyan masu laifin. A watan Maris na 2021 ta kama tan 17 na ƙullin wiwi a Yamai. Wanda bai yarda da hukuncin da aka yanke masa ba yana iya ɗaukaka ƙara, kuma akwai kotun ɗaukaka ƙara a birnin Damagaram.

Dokar Najeriya

An kafa hukumar NDLEA a 1989. Dokarta ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya sarrafa, ko ya shuka, ko ya shigo da hodar ibilis da makamantanta ba tare da izini ba. Wanda aka samu da su a hannunsa yana sane, ɗaurinsa shekara 15 zuwa 25 ne. Babbar Kotun Tarayya ce ke yin irin wannan shari'a.

A 2011 aka gano wurin haɗa ƙwayar metamfetamin na farko a Najeriya, a birnin Legas. A watan Maris na 2016 kuma aka gano wani babba a Asaba, jihar Delta, aka kama ƴan ƙasar Meksiko huɗu tare da ƴan Najeriya.

Abin da ke ƙara nauyin hukunci

Nijar da Najeriya duka suna cikin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 kan fataucin miyagun ƙwayoyi. Yarjejeniyar ta ce kotu ta ɗauki laifin da girma idan mai laifin yana cikin gungun masu aikata laifi, ko ya yi amfani da makami, ko yana riƙe da muƙamin gwamnati, ko ya sa ƙananan yara a cikin aikin, ko ya aikata shi a makaranta ko a gidan kaso, ko an taɓa hukunta shi a baya. Ta kuma ce a ƙwace dukiyar da aka samu daga laifin, da kayan da aka yi aiki da su. Amma ga mai sha, ta ba ƙasashe damar yi masa magani da gyaran hali.

Yadda talaka ke faɗawa ciki

Babban mai laifi ba ya aiki shi kaɗai. Yana neman gidan haya a gefen gari, da mai gadi, da direba, da mai babur. Dokokin ba su tsaya ga maigidan aikin ba. A Najeriya, wanda ya bar gidansa a yi wannan aiki yana sane, shi ma mai laifi ne. Sau da yawa waɗannan ƙananan ma'aikata ne ake fara kamawa.

Abin da ya kamata ku yi

Kada ku ba da hayar gida, ko rumbu, ko gona ga wanda ya ƙi faɗa muku abin da zai yi a ciki. Kada ku tsallaka iyaka da saƙon da ba ku ga cikinsa ba, ko da na ɗan'uwa ne. Idan kun ji wari mai ƙarfi na sinadari daga gidan da kullum yake rufe, kada ku shiga. Ku sanar da maigari, ko jandarma, ko ƴan sanda. Idan an kama wani naku, ku nemi lauya, kuma kada ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ba.