Naira da Sefa: Tarihin Kuɗi Biyu a Kasuwa Ɗaya

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Illela ko Jibiya, ko ya ƙetara daga Matamaye zuwa Daura, ya san cewa ciniki a bakin iyaka ba ya ƙarewa sai an tambayi nawa ake canjin jikka. Wannan tambaya tana da tarihi, kuma ya dace matasanmu su san shi.

Kafin zuwan Turawa, Katsina da Maraɗi da Kano da Damagaram da kuɗi ɗaya suke ciniki, wato wuri, wanda asalinsa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kawo shi. Kalmar "kuɗi" kanta jam'in "wuri" ce. Don babban ciniki kuwa akwai azurfar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Teresa da shekarar 1780 a jikinta, wadda daga sunanta muka samo kalmar "dala". Bature matafiyi Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan azurfa ɗaya a Kano a 1851.

Da Ingila da Faransa suka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, sai kowace ta ɗora haraji da kuɗinta. Kudu ta koma fam da sule da kwabo, arewa ta koma tamma da dala. Har gobe mutumin Nijar da dala yake lissafi: tamma biyar dala ɗaya ce, dala ɗari biyu kuma jikka ɗaya, wato sefa 1,000. A Najeriya ma jaka tana nan, amma Naira 200 take nufi, domin asalinta fam 100 ne.

An kafa sefa ranar 26 ga Disamba 1945, aka ɗaure ta da kuɗin Faransa. Daga 1960 sefa 50 ke daidai da faran ɗaya na Faransa, har zuwa Janairun 1994, lokacin da aka taru a Dakar aka karya darajarta da rabi, ta koma 100. Tun 1999 an ɗaure ta da Yuro a kan sefa 655.957, kuma ba ta gusa daga nan ba. Bankin BCEAO mai mazauni a Dakar ne ke fitar da ita ga ƙasashe takwas, ciki har da Nijar. Ta 'yan'uwanmu na Kamaru da Cadi darajarsu ɗaya da tamu, amma bankinta daban ne, yana Yawunde.

Najeriya ta bi wata hanya. Babban Bankinta ya fara aiki a 1959 da fam na ƙasa, sannan ranar 1 ga Janairu 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka fito da Naira, aka mayar da fam ɗaya Naira biyu. Lokacin man fetur yana tashe. A 1980 Naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya da rabi, a farashin gwamnati kuma ta haura sefa 300. A waɗannan shekaru ne samarin Adar da Gobir da Damagaram suka riƙa kwarara kudu ci-rani, domin ɗan abin da aka samo a Kano ko Legas yakan yi aure ya sayi shanun huɗa.

Daga nan al'amura suka juya. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin takardun Naira tare da rufe iyakoki, masu ajiyar tsohuwar Naira a wannan ƙetare da yawa suka wayi gari da takardun da ba sa sayen ko allura. A Satumban 1986 gwamnatin Janar Babangida ta buɗe kasuwar canji a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, Naira ta kama gangara. A 2015 jikka ɗaya ba ta kai Naira 500 ba. Wajejen 2021 Naira da sefa suka yi kunnen doki a hannun 'yan canji. Bayan gwamnatin Tinubu ta sakar wa kasuwa farashin a Yunin 2023, dalar Amurka ta wuce Naira 1,500 a 2024, jikka kuma ta haura Naira 2,000. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Dalilin bai ɓoyu ba. Naira tana rayuwa ne da dalar da fetur ke kawowa. Idan ta yi ƙaranci, Naira ta faɗi. Sefa kuwa tana jingine da Yuro bisa lamunin baitulmalin Faransa, wanda shi ne abin da masu sukarta ke kira ragowar mulkin mallaka. Sai dai kada mai sefa ya yi saurin murna. Ƙarfinta yana sauƙaƙa masa sayen masara da atamfa daga kudu, amma makiyayin da ya kai sa Illela, da manomin wake da albasa, da ɗan ci-rani mai aiko wa iyaye, duk da Naira ake biyansu, idan sun canza sai su ga guminsu ya tsiyaye a hanya.

Inda abin ya fi taɓa zumunci shi ne bashi. Wanda ya ranta wa ɗan'uwansa jikka 100 a 2015, abin bai kai Naira 50,000 ba; a 2024 ya wuce Naira 200,000. Idan ba a ambaci da wane kuɗi za a biya ba, kowa yana da hujjar da zai kawo gaban dattawa, kuma irin wannan gardama ta raba abokan ciniki na shekaru. Malaman fiƙihu tun da can sun sharɗanta cewa canjin kuɗi da kuɗi ya kasance hannu da hannu a zama ɗaya, an kuma umarce mu da rubuta bashi. Saboda haka duk mai ba da rance, ko yanka sadakin ajali, ko zuba adashi tsakanin ƙasashen biyu, ya rubuta sunan kuɗin, da adadinsa, da ranar biya, a gaban shaidu biyu.

Allah ya sa albarka a cikin nemanmu, ya kiyaye zumuncin da ke tsakaninmu. Amin.