Yadda Mutane Suka Koyi Ƙidayar Halittun Teku

Ƙasarmu ba ta da teku. Yawancinmu mazaunan Kilomita Biyar a Bangui ba mu taɓa ganinsa ba, ruwan da muka sani shi ne kogin Ubangi. Duk da haka kifin teku yana shiga tukunyarmu. Kifin sanyi da ake sayarwa cikin kwali a kasuwa yakan sauka a tashar Duwala ta Kamaru, sa'an nan manyan motoci su yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 su kawo mana shi. In kifi ya ragu a teku, kuɗinsa zai tashi a nan, mai ƙaramin ƙarfi kuwa shi zai fara ji.

Domin hana wannan ne ƙasashe suke keɓe wasu sassan teku, su hana kamun kifi a ciki ko su rage shi, kamar yadda ake keɓe gandun daji. Amma ga tambaya. Makiyayi yana ƙidaya shanunsa da yamma, ya san ko sun cika. To, yaya za a ƙidaya abin da yake can nesa da gaɓa, ƙarƙashin ruwa mai duhu, har a san ko keɓewar ta yi amfani? Bari mu bi tarihin yadda aka nemi amsa.

A 1843 wani masani ɗan Birtaniya, Edward Forbes, ya ce babu mai rai a teku ƙasa da zurfin gaba 300, wato wajen mita 550. Mutane da yawa suka gaskata shi. Gwaji ne ya ƙaryata maganar. A watan Disamba 1872 jirgin ruwan Ingila mai suna Challenger ya tashi daga Portsmouth, bai komo ba sai 1876. Ya tsaya a wurare 362. A yawancinsu ana sake igiya mai nauyi a baki don a auna zurfi, a ɗauki zafin ruwa, a ja taru a ƙasan teku, a rubuta dukan abin da ya fito. A 1875 igiyarsu ta kai fiye da mita 8,000 a tekun Fasifik. Sun samo halittu fiye da iri 4,000 waɗanda masana ba su sani ba dā, har daga wurare masu zurfi ƙwarai. Rahoton ya cika littattafai 50, ba a gama shi ba sai 1895.

Challenger ya nuna abin da yake akwai, amma sau ɗaya ya bi kowane wuri. Duba ɗaya kuwa ba ya nuna ko abu yana ƙaruwa ko raguwa. Wani Bature, Alister Hardy, ya gane haka. A 1931 ya fara ba jiragen 'yan kasuwa wani akwatin ƙarfe su riƙa ja a bayansu. Cikin akwatin akwai ƙyallen siliki mai naɗuwa a hankali, yana tace ƙananan halittun da kifi yake ci. Ban da tsaikon Yaƙin Duniya na Biyu, an ci gaba da aikin har wa yau, kusan da irin akwatin nan da irin ƙyallen nan. Saboda ba a sāke hanya ba, aka iya kwatanta shekara da shekara, aka ga halittun ruwan ɗumi suna matsawa arewa a tekun Atlantika.

A 1943 Jacques Cousteau da Émile Gagnan na Faransa suka ƙera tulun iska da mai nutso zai goya ya yi numfashi a cikin ruwa. A 1954 Vernon Brock ya bayyana wata hanya a Hawai: a shimfiɗa igiya mai tsawo sananne a ƙasan ruwa, mai nutso ya bi ta, yana rubuta kowane kifi da ya gani dama da hagu. Gani ya kori ji. Amma fa kifi na ganinka mai jar koma, waɗansu sukan gudu, waɗansu su ɓuya. Mai nutso kuma ba ya iya daɗewa, ba ya yin nisa ƙasa da mita 30 ko 40 a aiki irin wannan.

Domin ruwa mai nisa da zurfi sai aka koma ga amsa-kuwwa. Jirgi yakan aika ƙara zuwa ƙasa, ƙarar ta bugi garken kifi ta komo, na'ura ta nuna girman garken. Sa'an nan a jefa taru a kama kaɗan, a ga ko wane iri ne. Tun 1975 ƙasar Norwe da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suke wannan aiki a tekunan Afirka da Asiya da jirgi mai suna Dr. Fridtjof Nansen. Jirage uku ne suka gāji sunan, na ukun ya fara aiki a 2017.

Taru yana kashe abin da ya kama, wannan kuwa bai dace da wurin da aka keɓe ba. Saboda haka masana, musamman na Ostareliya, suka inganta wata dabara. Akan ɗaura kyamara a ƙarfe, a sa dakakken kifi a gabanta, a saukar da ita kamar awa ɗaya. Don kada a ƙidaya kifi ɗaya sau biyu, sai a ɗauki adadi mafi yawa da aka gani tare a hoto guda. A 2012 kuma masana a Denmak suka ɗebi ruwan teku kaɗan, suka tace, suka gane kifi iri 15 daga ɓurɓushin jikinsu da ya rage a ruwan. Wannan hanya tana faɗin wanda ya wuce ta wurin, amma ba ta faɗin yawansu sosai.

Yanzu bari mu dawo kusa da gida. Akwai wani Ba'amurke, Michael Fay, wanda ya yi shekaru yana aiki a dazuzzukan ƙasarmu, wajen Bayanga. A 1999 ya tashi da ƙafa daga Bomassa a bakin kogin Sanga, cikin Kwango, ya yi fiye da kwana 450 yana ratsa kurmi, yana rubuta itatuwa da sawun dabbobi, har ya fito bakin teku a Gabon a 2000. Rubutunsa ya taimaka aka kafa gandun daji 13 a Gabon a 2002. Ɗaya daga cikinsu, Mayumba, domin kunkurun teku ne. Waɗannan akan ƙidaya su daga jirgin sama, ta sawun da macen take bari a yashi sa'ad da ta fito yin ƙwai. Ƙidayar ta nuna gaɓar Gabon tana cikin manyan wuraren ƙwan irin kunkurun nan mafi girma a duniya.

A 2012 Fay da Enric Sala suka shiga tekun Gabon da masu nutso da kyamarori. Sun tarar da kifi da yawa kewaye da ginshiƙan rijiyoyin mai, inda masu taru ba sa kusanta. A 2017 gwamnatin Gabon ta sanar da keɓe wurare 20, wajen kashi 26 cikin 100 na tekunta. A 2022 kuma ƙasashen duniya suka yi alkawari a Montreal za su kiyaye kashi 30 cikin 100 na teku kafin 2030.

Ya mai karatu, sa hannu a takarda ba wuya. Aikin yana ga komawa wuri ɗaya kowace shekara, da kayan awo iri ɗaya, a kuma rubuta abin da aka gani ko da bai yi wa hukuma daɗi ba. Jirgin bincike yana da tsada, ƙasashe matalauta kuwa sukan jira na baƙi. In an bar awo, jiragen sata za su kwashe kifin gandu ba wanda ya sani, sai ranar da kwali ya yi tsada a kasuwa.

Darasin ya shafi koginmu ma. Tsofaffin masuntan Ubangi sukan ce kamun dā ya fi na yanzu. Da a ce a kowace mashigar kwalekwale akwai yaro mai littafi da fensir, yana rubuta irin kifi da yawansa kowace safiya, da jikokinmu sun sami abin kwatantawa. Masanan Challenger ma da igiya da littafi suka fara.