Makaɗi Da Ubangidansa: Wa Ke Ciyar Da Jarida A Ƙasar Zamfara?

Duk wanda ya san yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun ya san ƙasa ce ta makaɗan fada. A nan aka yi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura wanda duniya ta fi saninsa da Maradun. A nan kuma aka yi Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya yi hakimci a Talata Mafara tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Waɗannan bayin Allah ba a kasuwa suke sayar da waƙa ba. Ubangida ne ke ba su doki da riga da hatsi, su kuma su tsare masa sunansa da na kakanninsa. Mun kawo su ne domin jarida a ƙasar Hausa ita ma ba ta taɓa rayuwa da kuɗin mai karatu kaɗai ba. Kullum da ubangida a bayanta. Sai dai shi makaɗi don yabo aka ajiye shi, ita kuwa jarida in ta koma yabo, amfaninta ya ƙare.

Idan muka waiwaya baya, ubangidan farko gwamnatin Turawa ce. Ita ta kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairun 1939, Dokta Rupert East na kula da ita, Malam Abubakar Imam na edita. Kwabo guda ake sayar da ita, kuma kowa ya san kwabo ba zai biya takarda da tawada da albashi ba. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta ƙara matsowa kusa da talaka, ta fitar wa larduna 'yan jaridunsu: Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Bazazzaga ta Zazzau, sai Zaruma ta Lardin Sakkwato, wanda a cikinsa garuruwanmu uku suke. A karon farko ke nan mutumin da ya koyi boko a ajin manya zai ga labarin lardinsa da harshensa. Amma da aka rushe NORLA a 1959, waɗannan jaridu ba su yi nisan kwana ba. Da ma da bazar wani suke rawa.

Abin da rashin jaridar gida ke jawowa, mutanen wannan yanki sun ɗanɗana shi fiye da kowa. A tsakiyar shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya kwangilar gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, aka gama ta a 1978. Ruwa ya ci gonaki da gidajen dubban mutane ta wajen Maradun, aka tashe su. Ta ɓangaren Mafara da Bakura kuma aka karɓe gonaki don a baje su a yi hanyoyin ban ruwa, damina ta zo ta wuce manomi bai yi shuka ba, ga rigimar diyya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Manoma suka yi ta kai kuka, daga baya suka tare hanyoyin aikin na tsawon watanni. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Hukuma ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Manoma da 'yan hamayya suka ce ɗaruruwa ne. Har yau waɗannan alƙaluma biyu ba su haɗu ba.

A lura, ba dare ɗaya abin ya faru ba. Shekaru aka yi ana ƙorafin awon gona da lissafin diyya. Da akwai wata 'yar jarida ko gidan rediyo a Mafara da ke buga sunan wanda aka biya da wanda ba a biya ba kowane mako, da wuya a ce wutar za ta ci har ta kai inda ta kai. Amma New Nigerian da Rediyon Kaduna da Rediyon Rima duk na gwamnati ne, kuma gwamnatin ce mai madatsar. Mafi yawan abin da muka sani yau daga malaman jami'a ya fito, irin su Björn Beckman, waɗanda suka rubuta bayan an riga an yi jana'iza, kuma da Turanci.

Wani sabon ubangida ya bayyana bayan komawa mulkin farar hula, wato gidauniyoyin agaji. Gidauniya dukiya ce da attajiri ya ware, ana juya ta, ribar kuma ana ba da ita kyauta. Wadda ta fi tasiri a aikin jaridar Nijeriya ita ce ta MacArthur da ke Chicago a Amurka, wadda ta taso daga dukiyar wani mai kamfanin inshora da ya rasu a 1978. Ta tallafa wa cibiyoyin da ba riba suke nema ba, kamar ICIR ta Abuja, da cibiyar Wole Soyinka ta Legas, da cibiyar binciken ƙwaƙwaf da Premium Times ta kafa a 2014. Ta hannun cibiyar Soyinka ɗin kuɗin ya gangaro har ga ƙananan kafafe na Arewa irin su WikkiTimes ta Bauchi da Solacebase ta Kano. Jami'ar Bayero ma ta samu nata rabon don horar da 'yan jarida da gidan rediyonta.

Amfanin wannan kuɗi a fili yake ga duk wanda ya san yadda wakilin jarida ke rayuwa a jiha. Albashi ba ya zuwa, mota ta gwamnati ce, bayan taron manema labarai kuma a miƙo ambulan. Wanda aka biya wa kuɗin mota da masauki, aka ce ga lauya in an kai shi kotu, shi ne zai iya ɗaukar kasafin kuɗi ya tafi ƙauye ya duba ko asibitin da aka rubuta an gina yana nan. Zamfara ta ga misalin haka. Bayan gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum daga 2010, matsin lambar ƙungiyar Follow The Money ta Hamzat Lawal da kafafen labarai na cikin abin da ya sa gwamnatin tarayya ta saki kuɗin tsabtace Bagega a 2013.

To amma mu duba shekarar 2021. A ranar 26 ga Fabrairu aka sace 'yan matan makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai 73 a Kaya ta ƙasar Maradun, bayan kwana biyu aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Jaridun da gidauniyoyi ke ciyarwa sun yi ƙoƙari, musamman HumAngle ta Ahmad Salkida. Sai dai kusan dukkansu a intanet suke, da Turanci, ofisoshinsu a Abuja. An ba duniya labarinmu, amma manomin Bakura da rediyo ke rataye a kafaɗarsa sai ya jira BBC Hausa ta faɗa masa abin da ya faru a garin maƙwabta. Wani abin mamaki, garuruwan nan uku kowanne ya fitar da gwamna: Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Ƙasar ba ta rasa manya ba.

Shi ma wannan ubangida ba dawwamamme ba ne. Shi ke zaɓen batun da za a bincika, kuma tallafinsa na 'yan shekaru ne. MacArthur ta rufe babban shirinta na yaƙi da cin hanci a Nijeriya a 2024. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin USAID, a watan Maris kuma Sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi shiru. Wanda ya tuna da Zaruma ba zai yi mamaki ba.

Abin da ya rage shi ne dukiyar gida. Zamfara na da Hukumar Zakka da Wakafi tun zamanin Yarima. Zakka dai Alƙur'ani ya ƙayyade mutum takwas da ake ba, jarida ba ta ciki. Wakafi kuwa ƙofarsa a buɗe take ga duk abin da ke amfanar jama'a, ko da yake a wajenmu an fi sabawa da na masallaci da rijiya da maƙabarta. Dokar ƙasa ma ta ba da hanya, tunda a 2015 aka amince da lasisin gidajen rediyon al'umma guda 17. Attajiri zai iya tsayar da shaguna goma a kasuwar Talata, hayarsu ta riƙa biyan wakilai biyu da man janareto, a rubuta cikin takardar wakafin cewa shi da 'ya'yansa ba su da ta cewa a kan labarin da za a karanta.